Amshin da ya iso a makare, da abin da mawaƙan Japan suka yi a kansa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan yadda mawaƙan zamani na ƙasar Japan suke haɗa wasanninsu na kai tsaye da sabuwar fasahar sadarwa. Na san wani zai ce ina ruwan Badamagare da kiɗan Tokiyo, kuma ni kaina kunnena bai saba da shi ba, domin dattijo ne ni wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da kimiyya a makarantun sakandare. Abin da ya ja hankalina shi ne matsalar da suke kokawa da ita, wadda na gani da idona a tsakar gidan ƙanena a unguwar Zango.

Bara, bayan ƙaramar salla, muka aurar da ɗiyarsa, aka ɗauko wani makaɗin kalangu da ƴan amshinsa. Sai aka tarar babban ɗan amshin, wanda muryarsa ce take jan ta sauran, ya tafi neman kuɗi Agadas. Samari suka ce wannan ba wani abu ba ne. Suka kira shi ta bidiyo, suka kife turmi suka jingina wayar a kansa, suka jona ta da lasifika. Makaɗin ya ba da waƙa, na kusa suka karɓa, shi kuwa na Agadas sai da aka shiga ɗango na gaba sannan muryarsa ta faɗo a tsakiyar maganar ubangidansa. Sau uku ana sakewa. Maroƙi ya ce ai wannan amshin a kan jaki ya taho, mata suka fashe da dariya, makaɗin kuwa ya dafe kalangunsa ya dube ni ya ce, "Malam, a bar shi ya yi kallo kawai." Hoto ya fita tangaram, murya ma ta fita, amma jinkirin da bai kai daƙiƙa guda ba ya rushe waƙar gaba ɗaya.

Wannan jinkirin ne Japanawa suka sa a gaba. A watan Nuwamba na 2017, kamfanin sadarwa na NTT Docomo ya shirya wani gwaji tare da ƙungiyar Perfume, mata uku ƴan asalin Hiroshima da suka shahara da rawa wadda ƙafa ba ta saɓa wa ƙafa. Aka raba su, ɗaya a Tokiyo, ɗaya a Landan, ɗaya a New York, suka yi rawa da waƙa a lokaci guda, aka haɗa hotunansu a allo ɗaya ana watsawa kai tsaye, har mai kallo ya ga kamar a dandali guda suke. A lokacin fasahar 5G tana matakin gwaji ne, domin sai a watan Maris na 2020 aka fara sayar da ita ga jama'a a Japan. Taken da suka ba shirin yana nufin a kawar da nisa.

A nan ne tsohon malami ba zai iya yin shiru ba, domin nisa ba ya kawuwa. Haske a cikin zaren gilashi, wato fiba, yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa guda, ma'ana kilomita 200 a cikin kashi ɗaya bisa 1000 na daƙiƙa, wanda ake kira milisakan. Tsakanin Tokiyo da Landan akwai kusan kilomita 9,500, tsakaninta da New York kuwa ya haura 10,000, saboda haka ko da an shimfiɗa waya miƙe sambal babu kwana, saƙo zai ci kusan milisakan 50 kafin ya isa, kuma wayoyin da ke ƙarƙashin teku ba miƙe suke ba. Makaɗa kuwa sukan fara tuntuɓe da juna idan jinkiri ya wuce milisakan 30 ko kusa da haka, wanda ya yi daidai da lokacin da sauti yake ɗauka ya ratsa mita 10. Duk wanda ya tsaya a ƙarshen filin idi ya ga ana ɗaga sandar tambari kafin ƙarar ta iso kunnensa ya san abin da nake faɗa. Dabarar da aka yi a 2017 ita ce daidaita hotunan uku bisa agogo ɗaya, a riƙe wanda ya riga isowa har ƴan'uwansa su cim masa. Aiki ne na gwaninta, ba na musu, amma ya yi nasara ne saboda kowace daga cikinsu tana bin kiɗan da aka riga aka tsara. Waƙarmu ta bayarwa da karɓa, inda makaɗi yake sauya magana nan take idan ya hango wani babban mutum ya shigo, ta fi wannan wuyar sha'ani.

Japanawan ma sun san da haka, shi ya sa ba su tsaya nan ba. A 2020, lokacin da annobar korona ta rufe wuraren wasa, kamfanin Yamaha ya fitar da manhajar SYNCROOM domin makaɗa su yi kiɗa tare kowa yana gidansa, kuma shawarar da ake ba masu amfani da ita ita ce su jona kwamfuta da waya maimakon su dogara da intanet na iska. Kamfanin NTT kuwa tun 2019 ya sanar da shirin da ya kira IOWN, wanda manufarsa ita ce saƙo ya zauna a matsayin haske daga farkon hanya har ƙarshenta, ba tare da ana mayar da shi lantarki a kowane zango ba, domin a waɗannan zanguna ne, da kuma wajen matse hoto da warware shi, lokaci yake zurarewa. A baje kolin duniya na Osaka a 2025 an nuna amfanin wannan, inda Perfume suka yi wasa a filin da aka yi baje kolin 1970, aka aika da siffarsu zuwa rumfar NTT a tsibirin Yumeshima, har da girgizar takun ƙafarsu, wadda ƴan kallo suka ji a daɓen da suke tsaye a kai.

Na lura cewa abin da ƴaƴanmu suka fi yaɗawa a wayoyinsu shi ne ɓangaren ban mamaki, kamar Hatsune Miku, mawaƙiyar da ba mutum ba ce, manhaja ce da wani kamfani na birnin Sapporo ya fitar a 2007, amma ake haska ta a dandali dubban mutane suna yi mata tafi. Haka kuma a ƙarshen 2019 gidan talabijin na NHK ya sa na'ura ta kwaikwayi muryar mawaƙiya Misora Hibari, wadda ta rasu tun 1989, ta rera sabuwar waƙa. Wannan na biyun bai kwanta mini ba, kuma ba zan so in wayi gari in ji an sa wa marigayi Ma'azu Ɗan Alalo kalmomin da bai taɓa furtawa ba. Wanda ya riga mu gidan gaskiya addu'a yake bukata. Rayayyun makaɗanmu da neman abinci ya warwatsa su ne suke bukatar waya.

To, ga lissafin da ya sa na ɗauki alƙalami. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, wanda haske zai ratsa a ƙasa da milisakan 5, daidai da jinkirin da ke tsakanin mutum biyu da ke zaune a tabarma ɗaya. Zuwa Kano kuwa, da ba ta kai kilomita 250 ba, abin bai taka kara ya karya ba. Ashe abin da ya gagari Tokiyo da Landan saboda faɗin duniya, mu nan ba nisa ne ya hana mu shi ba. Jinkirinmu yana fitowa ne daga hanyar da saƙo yake bi. Ƙasarmu ba ta da gaɓar teku, ta maƙwabta muke samun manyan wayoyin duniya, kuma sau da yawa kiran da ya tashi daga wannan gari zuwa wancan sai ya je ya gaida wata na'ura a ƙasar waje kafin ya dawo. A ƙara da cunkoso a kan eriya guda da maraice, da ɗaukewar wuta a watannin zafi, sai a gane dalilin da amshi ya hau jaki. Alhali kuwa fiba ta riga ta iso mu, kuma aikin babbar wayar da ta ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa wa, ya haɗa da reshen da ya tashi daga nan ya bi ta Magarya zuwa iyakar Najeriya.

Roƙona ga hukumar kula da sadarwa ta ARCEP shi ne ta riƙa auna jinkiri tsakanin manyan garuruwanmu tana bayyana wa jama'a, kamar yadda ake maganar farashi da yawan megabait, domin wanda ake sayar wa kaya ya kamata ya san ma'auninsu. Ga malamai da ɗaliban Jami'ar André Salifou kuwa, ina ganin gwajin bai fi ƙarfinsu ba. Ɗaki guda a nan, ɗaki guda a cibiyar al'adu ta Umaru Ganda a Yamai, kowanne da kwamfuta jone da waya da batirin hasken rana, ba tare da hoto ba ma a karon farko, sai a zaunar da mai kalangu a nan da ƴan amshinsa a can, a auna, a rubuta inda lokacin ya ɓace. Idan kalangu ya zauna daidai, to likitan da ke son duba mara lafiya daga nesa da malamin da ke son yi wa almajiri gyaran karatu za su ci moriyar hanyar, domin kunnen makaɗi ya fi nasu tsanani wajen kama jinkiri.

Na sake haɗuwa da makaɗin nan a kasuwar Dole kwanakin baya, na ba shi labarin matan Hiroshima da wannan shawara tawa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce in an shirya a aiko masa zai zo da kalangunsa, amma a tabbata an biya shi kuɗin zama ko da amshin ya sake makara.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Unguwar Birni, Damagaram