Mama, ga amsar tambayarki a kan tubabbu da ranar shari'a

Mama,

Ina gaishe ki da sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya jikoki, yaya kuma haƙurin zaman Marwa?

Tambayar da kika yi mini a taron Zumuntar Mata ta zaga gari, har waɗanda ba su halarta ba suna tare ni da ita a hanya, shi ya sa zan amsa a fili yadda kika tambaya a fili. Kin ce 'yan Boko Haram da suka faɗa wa ƙauyenku na yankin Kolofata da dare, suka kashe Baba, suka kora shanunku, ga wasunsu sun fito daga daji ana ce musu tubabbu. Kika ce, in ɗayansu ya ba da gaskiya ga Yesu, gobe a gaban Allah wuri ɗaya za ku zauna? In haka ne, ina shari'ar da muke ta wa'azinta?

Ba zan yi miki kwana-kwana ba. In ya tuba da gaske, ƙofa a buɗe take gare shi. A Ezekiyel 33:11 Allah ya rantse da zatinsa cewa ba ya murna da mutuwar mugu, ya fi so ya juyo ya rayu. Da zan ce miki akwai laifin da ya gagari jinin Almasihu don ranki ya yi sanyi, da ƙarya na yi miki.

Sai dai fitowa daga daji wani abu ne dabam. A ƙarshen Nuwamba 2018 shugaban ƙasar Kamaru Paul Biya ya kafa kwamitin karɓar makamai da mayar da mayaƙa cikin jama'a, aka ba shi cibiyoyi a Bamenda da Buwaya da Mora. Bayan mutuwar Shekau, shugaban Boko Haram, a 2021 masu miƙa wuya suka yi ta kwarara. Wani yunwa ce ta koro shi, wani tsoron ɓangaren da suke gaba da shi, wani kuwa tun yana yaro aka sace shi, samun hanyar gudu kawai ya yi. Gwamnati bindiga take so a ajiye, kuma ta yi daidai, don kowace bindigar da aka ajiye ran wani ne ya tsira. Amma ba ta ga zuciya ba, ba ta kuma ce ta gani ba.

Allah kuwa a nan yake dubawa, kuma tuban da yake karɓa yana da alama a waje. Ayoyin da ke biye da waccan ta Ezekiyel sun faɗa dalla-dalla: mugun ya mayar da jingina, ya biya abin da ya ƙwace. Dubi Zakka na Yariko a Luka 19. Shugaban masu karɓar haraji ne, ya yi dukiya da guminsu talakawa. Da Yesu ya sauka gidansa, sai ya miƙe a gaban mutane ya ce rabin dukiyarsa ta matalauta ce, duk wanda ya zambata kuma zai mayar masa ninki huɗu. Ki lissafa shi da shanunki, Mama. Wanda ya kora biyar, ashirin zai dawo da su. Bayan wannan magana ne Yesu ya ce yau ceto ya shigo gidan nan. Ba da kuɗinsa ya sayi ceto ba, Afisawa 2:8-9 ta ce kyauta ce ta alheri, ba ta ayyuka ba. Amma wanda kyautar ta shige shi ba ya iya kwana da kayan mutane a ɗakinsa.

Na san wanda ya fi damunki shi ne ɓarawon nan na kan gicciye, wanda masu wa'azi muke yawan gaggawa da labarinsa. Ki sake karanta Luka 23. Kafin ya roƙi Yesu ya tuna da shi, sai da ya kwaɓi ɗan'uwansa ya ce mu dai daidai aka yi mana, sakamakon aikinmu muke karɓa. Bai ce a sauke shi ba. Yesu ya yi masa alkawarin Firdausi, amma a kan itacen ya mutu. Haka Dawuda, da ya sa aka kashe Uriya: annabi Natan ya gaya masa Ubangiji ya kawar da zunubinsa, a zama ɗaya kuma ya gaya masa takobi ba zai rabu da gidansa ba. Saboda haka wanda ya ce miki tun da mutum ya karɓi Yesu to kotu ta fita batunsa, bai karanta Romawa 13 ba, inda aka ce mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba.

To ina shari'ar? Tana nan daram. Jinin Habila ya yi kuka daga ƙasa Allah ya ji, na Baba ma bai zuba a ɓoye ba. A Wahayin Yahaya 6 waɗanda aka kashe suna kira, har yaushe ya Ubangiji, ba a kuwa tsawata musu ba, fararen riguna aka ba su aka ce su ɗan ƙara jira. Tambayarki irin tasu ce, kada wani ya ce miki rashin bangaskiya ce. Abin da muka gaskata shi ne, babu laifin da zai tashi a tutar babu. Ko dai mai shi ya ɗauke shi a ranar da za a buɗe littattafai, ko kuwa Almasihu ya ɗauka masa a kan gicciye, kamar yadda Ishaya 53 ya faɗa. In har kika tarar da mutumin nan a Mulkin Sama, ran Baba bai yi araha ba, da jinin Ɗan Allah aka biya. Kuma Alƙalin ba ya yi wa mutane kuɗin goro. Luka 12:47-48 ta bambanta bawan da ya sani da wanda bai sani ba. Yarinyar da aka ɗaura wa bam aka tura cikin mutane, da kwamandan da ya ɗaura mata, ba ma'auni ɗaya za a sa musu ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma, da aka kashe musu mutane a kasuwa da cikin masallaci, wannan ciwon ne yake cinsu, ya kamata mu riƙa tunawa in muna magana.

Saura abin da ya shafe ki. Ubangiji ya ce ki bar masa ramako, yana Romawa 12:19, wannan ba zan sassauta miki ba, ko da zai ɗauke ki shekaru. Amma gafartawa ba ta wajabta miki yarda da mutum ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Shawulu, wanda aka ajiye riguna a gabansa ranar da aka jajjefe Istifanas, da ya zo Urushalima bayan tubansa almajirai duka tsoronsa suka ji, ba su gaskata shi ba, sai da Barnaba ya kama hannunsa ya kai shi wurin manzanni ya tsaya masa. Littafi bai zarge su ba.

Don haka ga abin da zan kai gaban dattawan ikilisiya. In irin wannan mutum ya zo neman baftisma, a karɓe shi ajin koyarwa, kada a kore shi. Amma kafin ya shiga ruwa ya faɗi abin da ya yi a gaban bulama da mutanen da ya cuta, ya nuna inda aka binne waɗanda har yau danginsu ke nema, ya faɗi inda ya san ana tsare da 'yan matan da aka kwashe, ya fara biyan abin da zai iya, ko akuya ɗaya ce. Kada kuma a tilasta wa gwauruwa ta yi musafaha da shi a gaban jama'a don a ɗauki hoto. Ranar da dattawa za su zauna a kan wannan, ina so ke da sauran matan da suka fito daga Mayo-Sava, yankin da Kolofata take, ku kasance a wurin, ku fara magana kafin mu.

Ɗanki cikin Ubangiji,
Mai bishara, Marwa