Bashir, ka je ka saurari kiɗan nan

Zuwa ga aminina Bashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, karatun likitanci kuma yana tafiya yadda ake so. Yaya sanyin St. Petersburg? Mutanen gida duk lafiya lau. Inna tana gaishe ka, ta ce kada ka yi wasa da abinci.

Saƙonka ya iso. Ka ce abokan karatunka sun gayyace ka sauraron simfoni na bakwai, wato dogon kiɗan taron makaɗa, na Shostakovich, mai tsara kiɗa ɗan Rasha, ka ƙi, wai farfagandar Stalin ce, shugaban Tarayyar Soviet na wancan lokaci. Ban goyi bayanka ba, Bashir. Don Allah ka je.

Kana da gaskiya ta wani ɓangare. Ya fara rubuta kiɗan a 1941 a garin da kake zaune, lokacin ana ce masa Leningrad, sojojin Jamus suna matsowa. Aka kwashe shi zuwa birnin Kuibyshev, can ya kammala, can aka fara kaɗa shi ranar 5 ga Maris, 1942. Hukuma ta ga makami ya samu. Aka ɗauki hoton takardun kiɗan a ɗan ƙaramin fim, aka bi da shi ta Tehran da Alƙahira har Amurka, mujallar Time ta buga hoton mutumin sanye da hular 'yan kwana-kwana, a gida kuma aka ba shi lambar yabo mai sunan Stalin.

To amma wa ake yi wa wannan kirari? Mutumin da jaridar Pravda ta yi wa kaca-kaca a 1936, bayan Stalin ya kalli wasansa bai ji daɗinsa ba. A 1937 aka harbe Marshal Tukhachevsky, babban sojan da ke tsaya masa. Mun san makaɗan fada, mun san nauyin yin kiɗa a gaban mai iko, sai dai namu idan sarki ya juya masa baya yakan nemi wani ubangidan. Shi ba shi da wurin zuwa.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne ranar 9 ga Agusta, 1942, ranar da aka kaɗa shi a cikin Leningrad. Tun Satumbar 1941 Jamusawa suka yi wa birnin ƙawanya. A ƙarshen 1941, rabon mafi yawan mutane burodi ne giram 125 a yini. Kai da kake karatun likita ka fi ni sanin abin da wannan ke yi wa jiki. Da aka ce jagoran makaɗa Karl Eliasberg ya tara makaɗan gidan rediyo, waɗanda suka iya zuwa ba su wuce 15 ba, alhali kiɗan yana bukatar kusan mutum 100. Sauran sun mutu, ko suna kwance, ko suna bakin daga. Gwajin farko bai yi nisa ba aka tashi, domin masu busa ba su da numfashin da za su hura. Sai da aka ƙara musu abinci, aka kuma ɗebo sojojin da suka iya kiɗa aka cike gurbi. A ranar, Janar Govorov na rundunar Soviet ya sa aka yi wa sansanonin Jamusawa luguden wuta don kada su harbo zauren, aka kafa lasifikoki a tituna, wasu ma aka juya su wajen abokan gaba. Mutanen da ƙasusuwansu suka fito suka zauna fiye da sa'a guda suna kaɗawa. Hukuma ce ta ba da umarni, na yarda, amma numfashin nasu ne, kuma gawarwakin da suka binne nasu ne. Ba zan iya raina su saboda Stalin ba.

Idan ka je, ka kasa kunne a kashi na farko. Wata 'yar ganga za ta fara a hankali, da ɗan sauti mai sauƙi, a yi ta maimaita shi yana ƙara ƙarfi har ya danne komai. Hukuma ta ce tafiyar sojojin Hitila ce. Wasu da suka san shi sun ce har da zaluncin gida yake nufi, kuma har yau masana suna gardama a kai. Ni dai ina jin duka biyun.

Da yaƙi ya ƙare, ka san sakayyar? A 1948 Zhdanov, wanda ya shugabanci jam'iyyar Kwaminis a Leningrad lokacin ƙawanyar, ya jagoranci yi wa Shostakovich tofin Allah tsine, aka raba shi da aikin koyarwa. A 1949 aka rufe gidan tarihin ƙawanyar, aka kama shugabannin birnin, a 1950 aka harbe wasunsu.

Kafin ranar kiɗan, ka samu lokaci ka leƙa maƙabartar Piskaryovskoye, inda aka binne kusan mutum rabin miliyan a manyan ramuka. Sannan ka rubuto mini abin da ka ji, ko da ka dawo kana kan bakanka.

Ka gaida 'yan'uwanmu ɗalibai. Allah Ya ba da sa'ar jarrabawa, Ya dawo mana da kai lafiya.

Naka har kullum,
Sani