Rahoton Ayyukan Shekara: Gwaje-gwajen Kimiyya na Yara a Gida

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Bana mun tsaya a kan ƙa'idar da muka amince da ita a taron bara: kafin a taɓa komai, sai yaro ya faɗi abin da yake zaton zai faru. Kayan aiki kuwa duk na cikin gida ne.

Mun fara da masu sauƙi. Ƙwai ya nitse a ruwan sha amma ya taso a ruwan gishiri, domin gishirin ya ƙara wa ruwan nauyi. Allurar da aka goga a jikin maganaɗisu, aka ɗora a kan ganye cikin ruwa, ta juya ta nuna arewa da kudu. Da madubi a cikin kwanon ruwa yara suka fitar da bakan gizo a bango, muka ba su labarin Isaac Newton, wanda ya raba hasken rana zuwa launuka daban-daban da gilashi mai kusurwa uku a 1666.

Gwajin kyandir ne ya fi ba mu aiki, kuma laifin namu ne manya. Idan aka kafa kyandir a faranti mai ruwa, aka kifa masa kofin gilashi, wutar takan mutu, ruwa ya hau cikin kofin. Mun daɗe muna gaya wa yara wai ruwan yana cike gurbin oksijin (iskar da wuta ke buƙata don ta ci) da ya ƙone, kashi 21 cikin 100 na iska. Sai wata yarinya ta tambaya me ya sa da kyandir uku ruwan ya fi hawa, alhali iskar kofin ɗaya ce. Muka yi shiru. Ashe wuta ce ke ɗumama iskar ta buɗe, wata ta fice ta ƙarƙashin kofin. Da wutar ta mutu sai ragowar ta huce ta tsuke, iskar waje ta turo ruwa ciki. Mun gyara takardar bayanin da muka raba wa iyaye. A jefar da tsohuwar.

Bekin soda da ruwan khal, masu hura balan-balan da iskar kabon dayoksaid, su ne yara suka fi so. Sai dai a kula: kada a taɓa haɗa khal da bilic (sinadarin wanki mai sa kaya fari), haɗin yana fitar da iskar kilorin mai guba. Duk gwajin da ke da wuta kuma, sai da babba a kusa.

Baɗi za mu koma kan tsiro da haske. Mai kwalaben gilashi ko auduga ya kawo wa sakatare kafin zama na gaba.

Sakataren Ƙungiya