Wasiƙa zuwa ga ɗana kafin ya tafi kwas

Ɗana,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Mu nan Bauchi lafiya lau, sai godiya.

Ƙaninka ya gaya mini an sa sunanka cikin jami'an da za a tura kwas ɗin binciken manyan laifuka, wanda ake yi tare da 'yan sandan ƙasashen waje. Allah ya sanya albarka. Na ce bari in riga abokanka magana, kafin su cika maka kunne da lissafin alawus.

Aikin yana da amfani, kada wani ya ce maka yawon buɗe ido ne. Tiramol ɗin da kuke kamawa a tashar mota a Gombe, yawancinsa daga Indiya yake fitowa. Yarinyar da aka yaudara da alkawarin aiki, ta Agadas ake bi da ita zuwa Libiya. Masu wannan sana'a ba ruwansu da kan iyaka, kai kuwa nan ikonka ya ƙare. Shi ya sa aka kafa Interpol, ƙungiyar 'yan sandan duniya, tun 1923, Najeriya ta shiga a 1960, yanzu ƙasashe 196 ne a ciki, hedikwatar kuma tana Liyon ta Faransa. Ba ta kama kowa da kanta. Bayanai take tarawa, na zanen yatsu da fasfo da motocin sata, ta kuma fitar da jar sanarwa a kan wanda ake nema. Ka tuna Hushpuppi, ɗan Najeriyar nan mai damfara ta intanet: a Dubai aka kama shi a 2020, aka miƙa shi Amurka, ya amsa laifinsa, aka yanke masa shekara 11 a 2022.

Amma ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na tsufa a rajistarar kotu, kuma shari'o'in da na ga sun mutu, galibi tun a caji ofis suka mutu. A kawo bindiga cikin buhun taki, babu lamba a jikinta, babu takardar da ta nuna hannun wa da wa ta bi. A kawo jawabin wanda ake tuhuma da Turanci mai kyau, alhali mutumin ko Hausa da ƙyar yake haɗawa, ga dangwalen yatsa a ƙasa, babu sa hannun tafinta. Lauya ya miƙe ya ce dukansa aka yi, sai a shiga wata shari'ar a cikin shari'a, wata da watanni. Ƙarshe a sallami mutumin da kowa a zauren ya san ba shi da gaskiya.

Irin wannan fayil ɗin ba wanda zai karɓa a waje. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta yi tanadin ɗaukar jawabi a bidiyo ko a gaban lauya, ta 2017 kuma ta haramta azabtarwa. Ka riƙe su da kyau, domin ƙasashe da yawa ba sa miƙa wanda ake nema in suna tsoron za a azabtar da shi. Haka zancen sirri. In suka ba ka bayani, washegari wanda ake nema ya ji, ba za su yi maka faɗa ba, shiru kawai za ka ji daga ranar. Mai safarar ƙwaya kuwa yana da kuɗin da zai gwada ka da su, kuma sau da yawa ta hannun wanda kake jin kunya zai aiko.

In ka dawo, kada ka kulle abin da ka koyo a durowa tare da satifiket. Kofur ɗin da ke kanta shi ke fara taɓa waya da jakar wanda aka kama, to shi za ka zaunar ka koya wa yadda ake rufe kayan shaida a sa musu lamba.

Ka biyo ta gida kafin tafiyar, mahaifiyarka na son ganinka. Ka taho mini da tabarau ɗin da na bari a motarka.

Wassalam,
Mahaifinka