Hedimasta ya ci mutuncina a gaban ɗalibaina saboda jadawalin sau

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni malama ce a wata makarantar firamare, aji huɗu nake riƙewa. Ki yi haƙuri idan maganata ta zo a birkice, raina ne a ɓace.

Hedimastanmu ne ya faɗo ajina, ko sallama babu, da wani uba a bayansa. Ya ce yara su miƙe su karanto jadawalin sau daga na biyu har na sha biyu. Suka yi na biyu, na uku, har na biyar lafiya lau. Da aka zo na bakwai sai muryoyi suka fara janyewa, wasu suka ɓoye hannu ƙarƙashin benci suna ƙirga yatsu. Sai ya juyo ya ce, wai me nake yi da su tun farkon zango. A gaban yara fa, Anti. Mutumin da rabonsa da riƙe alli an manta.

Kafin ki yanke hukunci, bari ki ji yadda nake koyarwa, don ba zaman banza nake yi ba. Jadawali daga 1 zuwa 10 amsoshi 100 ne, yaro na ganin bangon nan cike da lambobi sai gabansa ya faɗi. Ni kuwa nakan jera musu duwatsu, layi uku kowanne da huɗu, in sa su zagaya gefe su sake dubawa, su ga layi huɗu ne kowanne da uku. Da sun gane 3 sau 4 da 4 sau 3 abu ɗaya ne, 100 ɗin nan ta koma 55. A cire na 1, na 2, na 5 da na 10 da kusan kowa ya iya, saura 21 kacal. Na 4 kuwa ninki ne sau biyu: 4 sau 6, ninka 6 ka samu 12, sake ninkawa 24. Na 9 ma yana da dabararsa, lambobin amsar idan an haɗa su 9 suke bayarwa, 18, 27, 36, har 81. Abin da ke wahalar da yara na gaskiya 'yan kaɗan ne, su 6 sau 7, 6 sau 8, 7 sau 8. Ko shi 7 sau 8 ɗin, yarana sun san su ce 5 sau 8 arba'in, 2 sau 8 sha shida, a haɗa 56.

To, akwai malamar aji huɗu na kusa da ni. Ba zan faɗi sunanta ba, Allah ya gani. Ita da bulala take shiga, yara su yi ta rerawa tun safe har kai ya yi ciwo, wanda ya yi tuntuɓe ya sha duka. Su ne hedimasta ke yabo a taron safe. Amma ranar da ta yi fashi aka haɗa mini ajinta, na tambayi wata yarinya 7 sau 8, sai da ta koma bakwai sau ɗaya bakwai, bakwai sau biyu sha huɗu, ta hauro tsani-tsani. Na ce to 56 a raba gida 7 fa? Ajin ya yi tsit, wai ba a kai su rabawa ba. Alhali ni tare nake koyar da su, yaro ya rubuta 7 sau 8, 8 sau 7, 56 raba 7, 56 raba 8, ya ga 'yan gida ɗaya ne. Kuma na tabbata ita ce ta kai maganata ofis, don tun daga ranar ba ta amsa gaisuwata da kyau.

Af, na manta ban faɗa miki ba, uban nan ɗansa sabon zuwa ne, a wata makaranta ya yi aji uku, ban ma gama sanin yaron ba. Shi ne ya je ya ce ɗansa ya koma baya a hannuna.

Gaskiya ne yarana ba su da sauri. Sukan samo amsa, amma sai sun tsaya sun yi tunani, kuma na san idan aka shiga doguwar rabawa da ɓangarorin lamba wannan jinkirin zai riƙe musu ƙafa. Sai dai ina lokacin? Aji cike maƙil, manhaja na kora ta. Na fara yanka kwali ina rubuta tambaya a gaba, amsa a baya, in cakuɗa su, mu yi minti biyar kullum kafin darasi, wanda aka faɗi a kai ya sake dawowa gobe. Sun fara kamawa, musamman na 6. Yanzu ga shi hedimasta ya ce zai dawo da agogo a hannu ya gwada su, kuma daga yau a koma rerawa kamar na maƙwabciyata. Akwai wani yaro mai ƙoƙari a ajin da yake daskarewa da zarar an ce a yi sauri, shi nake ji wa tsoro.

Anti, ta yaya zan sa su yi sauri ba tare da bulala ba? Ko in bi umarninsa a fili, in ci gaba da katunana idan ya fita? Mijina ya ce in ajiye aikin kawai, mutunci ya fi albashi. Ni kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne malamar nan. In tare ta mu yi ta ta ƙare, ko in kai ƙarar hedimastan gaba, tunda yanzu har yaran sun fara kallona wani iri?

Daga mai bibiyar shirinki kullum,
wata malamar aji huɗu.