A riƙa tunawa da waɗanda suka ɗauko hotunan Everest

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta labarinku kan takalmin Andrew Irvine da aka tsinta a dutsen Everest a 2024, shekara 100 bayan ɓatansa shi da George Mallory ranar 8 ga Yuni, 1924, suna ƙoƙarin kaiwa ƙololuwar dutsen. Labarin ya yi armashi, amma abu guda ya tsaya mini a rai: kun sa hoton tawagar, ba ku ce uffan ba kan yadda aka yi ya iso gare mu.

Na daɗe ina wanke fim a ɗakin duhu kafin zamanin dijital, na san wahalar abin ko da mutum yana zaune a inuwa. Shi kuwa John Noel, mai ɗaukar hoton tawagar, a tafiyar hawan Everest ta 1922 da ta gabaci wannan, cikin tanti ya wanke nasa, a kwarin Rongbuk na Tibet, inda ruwa ke daskarewa. Da busasshen kashin yak, shanun yankin, ake hura wutar busar da fim ɗin. Kamfanin Newman Sinclair na Landan ne ya ƙera masa kyamara ta musamman, domin man da ake sa wa ƙarafan kyamara sandarewa yake yi a irin wannan sanyi. Ga bushewar iska, mai sa fim tartsatsi yayin da yake juyawa, ya bar zane a jikin hoto. Wanda ya taɓa ɓata naɗi guda na aikin mutane ya san faɗuwar gaban da nake nufi. A haka ya kai kyamarar nan tsayin mita kusan 7,000.

Na ce ya kai ta, to amma a bayan wa ta hau? 'Yan dako ne, 'yan ƙabilar Sherpa da mutanen Tibet, suka yi ta hawa da akwatunan. A wannan tafiyar ta 1922 ƙanƙara ta zaftaro ta kashe 'yan dako bakwai. A 1924 ma, bayan Noel ya biya fam 8,000 don samun haƙƙin ɗaukar fim, 'yan aike ne suka riƙa kai fim ɗin har Darjeeling a Indiya, inda ya gina ɗakin wanki. Wallahi duk lokacin da na ga hoton nan su nake fara tunawa.

Roƙona, Edita, in za ku sake buga irin wannan hoto, ku rubuta sunan mai ɗaukarsa a ƙasa, ku kuma ƙara ko layi ɗaya ne a kan waɗanda suka ɗauki kayansa.

Naku,
Wani tsohon mai ɗaukar hoto