Rahoton Ayyukan Ƙungiya Na Shekarar 2025

Shugaba, iyayen ƙungiya, iyayen gidanmu a sana'a, da 'yan'uwa magina da kafintoci, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Wannan shi ne rahoton ofishin sakatare. An karanta shi a taron ƙarshen shekara, na kuma sa shi a zaurenmu na WhatsApp saboda waɗanda ba su halarta ba, su ne kuwa suka fi yawa.

Da kuɗin wata zan fara, domin duk abin da ke ƙasa a kansa ya rataya. Naira 500 muka yanka wa kanmu, da bakinmu, babu wanda aka tilasta. Waɗanda suka biya shekarar nan cif ba su kai rabin sunayen da ke cikin rajista ba. Akwai wanda rabonsa da biya tun kafin azumi. Akwai wanda idan ya hango ni da Ma'aji da littafi sai ya shige bayan shago. Mun san da rani wasu na tafiya aikin gini Kano da Abuja, wasu na fadamar Watari wajen tumatir da shinkafa, ba mu ce kada a nemi abinci ba. Amma lambar asusun ƙungiya tana wayar kowa, masu POS kuma ga su nan a bakin tasha. Ni da Ma'aji ba albashi ake ba mu ba, mu ma shaguna gare mu, muke rufewa mu bi mutane.

Asusun karatu shi ya fi jin jiki. A taron bara mun yi alƙawarin ɗaukar nauyin yaran shago huɗu zuwa manyan makarantu. Biyu kawai muka iya riƙewa, su ma waɗanda suka riga suka fara ne: ɗaya yana shekara ta biyu ta difloma, wato ND, a fannin gini a makarantar Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano da ke Gwarzo, ɗayan yana NCE a fannin aikin katako a Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Bichi. ND shekara biyu ce, NCE uku. Na Gwarzo ya yi wata huɗu na sanin makamar aiki na SIWES a wani wurin gini a cikin Kano, kuma kuɗin mota da takalmin aiki da hular kwano duk daga asusun nan suka fita. Masu cewa ina kuɗin suke tafiya, ga inda suke tafiya, rasit yana hannun Ma'aji.

Sauran biyun ba mantawa aka yi da su ba. Ana shiga irin wannan karatu ne da kiredit a darussan da ake buƙata, ciki har da Lissafi, sannan a zana JAMB. Ɗaya daga cikinsu Lissafi ne ya tsaya masa, muka tsara a yi masa rajistar jarrabawar NABTEB ta Nuwamba da Disamba, tunda ana karɓar sakamakonta kamar na WAEC da NECO. Aka rufe rajista asusu babu abin da zai isa. Ɗayan ya zana JAMB ya samu makin da ake so, kuɗin makaranta ya gagara, yanzu yana shagon ogansa yana haɗa gadaje. Wasu sun ce ai ga bashin karatu na NELFUND da gwamnatin tarayya ta fara bayarwa a 2024. Gaskiya ne, kuma mun ƙarfafa wa yaranmu su nema. Sai dai wanda ya riga ya samu gurbi shi ke nema, ba ya sayen fom ɗin JAMB, ba ya biyan jarrabawar cike gurbin kiredit, kuma bashi ne da za a biya. Matakin farko namu ne, a nan kuwa muka bar yaran nan biyu.

Rumfar koyon sana'a tana nan inda kuka gan ta, ta kai linta ta tsaya. Ina jin maganganun da ake yi a majalisa cewa kwamitin gini ya yi barci. Lissafin da aka yi wa aikin an yi shi ne kafin cire tallafin mai a watan Mayun 2023. A farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000, rodi da kwano da kuɗin dakon kaya daga Ƙofar Ruwa duk suka bi shi. Kwamitin ya ƙi yarda a rage siminti a bulo ko a sa rodi ƙanana don a ce an gama, ni ma ina tare da su. Ƙungiyar magina ba za ta gina abin da zai tsage a damina biyu ba, a kuma ce nan ne za a koya wa yara aiki. Injin goge katako da aka yi magana a kai an jingine shi, tunda ko an sayo babu rufin da za a ajiye shi, babu janareton da zai ja shi.

Maganar takardar shaidar sana'a ta manyanmu ita ma ba ta kammala ba. Hanya biyu muka duba: gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya mai mataki uku, da tsarin da hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, ke kula da shi, wanda ake auna abin da mutum ya riga ya iya a bakin aiki a ba shi shaida ba tare da ya koma aji ba. Mun nemi sunaye da hotuna don a tafi a ƙungiyance. Waɗanda suka kawo 'yan kaɗan ne. Gobe idan ɗan kwangila ya zo da yaransa daga birni ya gina ajin firamaren garinmu, ya ɗauke mu lebura, su ne za su fara ƙorafi.

Yanzu ga abin da ya faranta mana rai, wato aikin rufin Islamiyya. Kowa ya san yadda iskar farkon damina ta yaye kwanon ajin nan ta jefa shi cikin gona. Bayan an gama kaka, iyayen yara suka haɗa kuɗin kaya, ƙungiya ta ɗauki aikin hannu kyauta, Shugaba kuma ya kawo shawarar a mayar da ranar ta zama ranar koyo, a sa ɗalibanmu biyu a gaba. Ba kowa ya so hakan ba. Akwai dattijan da suka shekara talatin suna hawa rufi, ba abu ne mai sauƙi a gare su yaron da suka koya wa riƙe guduma ya tsaya da takarda yana nuni ba. Allah ya saka musu da alheri, sun zo, sun kuma saurara.

Na Gwarzo ya zo da zanen rufin da lissafin kaya tun kafin a tafi 'Yan Katako a Na'ibawa: tsayi kaza na katako mai inci biyu da huɗu, kaza na mai biyu da biyu, bandir kaza na kwano. Da aka gama aiki abin da ya ragu guntaye ne, ba a kuma sake tura kowa kasuwa ciko ba. Kafin a ɗora komai ya hau bango da tef, ya auna ƙafa uku a gefe ɗaya, huɗu a ɗayan, ya ce idan tsakaninsu bai ba da biyar ba to kusurwar ba daidai take ba. Wata kusurwa ta kauce da kusan inci biyu. Yaran shago suka yi ta karɓar tef suna gwadawa da kansu. Sannan ya nuna abin da ya sa iska ta ɗauke tsohon rufin: katakon da ke kwance a kan bango a layin bulo na sama kaɗai aka ɗaure shi, da iska ta shiga ta ƙasa sai ta ɗaga shi har da bulon. A wannan karon an fasa, an saukar da langa-langa layuka uku ƙasa, aka naɗe katakon aka buga.

Na Bichi shi ya jagoranci haɗa ƙwarangwal ɗin rufin a ƙasa, an yi guda ɗaya aka mai da shi ma'auni, sauran duk aka yanka a kansa, shi ya sa da aka ɗaga su suka tsaya layi ɗaya. Kowane katako an shafe shi da maganin gara har kan yankan. Dattijanmu ma sun koyar. Babanmu a sana'a, wanda ya fi kowa daɗewa da zarto a garin nan, ya ɗauki katako biyu ya ƙwanƙwasa da bayan guduma, ya ware ɗaya ya ce ɗanye ne, zai murɗe kafin bazara. Da aka yanka sai ga garin zarton da laima yana manne wa hannu. Ɗaliban suka ce an gaya musu illar ɗanyen katako a aji, amma gane shi da kunne a nan suka gani. Shi ne kuma ya tsaya kan masu buga kwano sai sun sa ƙusa mai hula a kan tudu, ba cikin kwari inda ruwa ke bi ba.

Dagaci ya zo da kansa ya sa albarka, Liman ya yi addu'a, matan unguwa suka aiko da tuwo da fura. Iyaye uku sun same ni a wurin suna tambayar yadda yaransu za su shiga irin wannan karatu. Na yi musu bayanin hanya, ban yi musu alƙawarin asusu ba, don na san abin da ke cikinsa.

An yi tarukan wata-wata in ban da na azumi. An je ta'aziyya da dubiya kamar yadda aka saba, an kuma taimaka wa ɗan'uwanmu da ya faɗo daga kan tsani da wani abu na magani, Allah ya ƙara masa sauƙi.

Kwamitin zartarwa ya yanke cewa duk wanda ake bi fiye da wata shida ya zo ya ga Ma'aji kafin taron Janairu, ko da rabi ne ya kawo a rubuta masa sauran. Wanda bai zo ba, ba za a sa sunansa a aikin da ya shigo ta hannun ƙungiya ba. Kuɗin da aka tara zai fara zuwa ga fom ɗin JAMB na yaron da ya rasa gurbinsa, domin farkon shekara ake buɗe rajista, sai kuɗin zangon ɗalibanmu biyu, sannan rumfa. Masu son shiga gwajin sana'a su kawo hoton fasfo biyu da lambar NIN shagon Shugaba.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya